Gashin Matan Keighley a Bayan Kyarkeci

Surrey, farkon Oktoba 1973

Zuwa ga ƙanwata Muriel,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, Mama ma tana lafiya, shagonki na gyaran gashi kuma yana ci. Ni lafiyata lau, in ban da gwiwar nan tawa da ke sanin zuwan ruwan sama kafin masu rediyo su sani.

Na iso wurin aiki. Wani tsohon gidan masu hali kamfanin fim ɗinmu ya kama haya a tsakiyar daji, ɗakuna barkatai, rufi duk yoyo, sanyi kuwa ba a magana. Fim ɗin na ban tsoro ne, irin wanda ake haɗawa a gurguje da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Wai dangi ne suka taru a gidan gado, ambaliya ta cinye gada, sai aka fara tsintar gawa ɗaya bayan ɗaya. Ashe a cikinsu akwai mai rikiɗa ya zama kyarkeci in wata ya cika, ga kuma sufeton 'yan sanda yana ta binciken ko wane ne. Darakta, Mista Pargeter, ya ɓoye ƙarshen labarin, wai kada asiri ya tonu. Asirin banza! Kowa ya san ɗan wasan nan Desmond Hartle ne, tunda shi kaɗai aka gwada wa haƙora.

Ni kuwa sai ki canka. Mai kula da gida, kamar kullum. In shigo da tire, in ce abinci ya sauka, in fita. Ko cinye ni ba a yi a labarin nan, ban kai matsayin wadda dodo zai ɓata haƙorinsa a kanta ba.

Maganar idon Mama ba ta bar raina ba, Muriel. Zuwan da na yi da bazara, sai da na yi magana ta san ni ce ba ke ba, ta yi ta shafa fuskata da hannu. Amma kin ce har yanzu tana gane matar nan ta tallan sabulu a bangon masaƙa, saboda girman hoton. To in har kyamara za ta matso kusa da ni sau ɗaya, fuskata ta cika allon silima, Mama za ta gan ni. Shekara talatin da wani abu ina sana'ar nan, ba a taɓa matso mini da ita ba, kullum ina can baya kusa da ƙofa. Na cire kunya na roƙi Mista Pargeter. Ya ce, "Za mu gani, Enid," yana kallon agogonsa.

Ga abin dariya. Wanda ke shiga rigar kyarkecin wani ƙaton ɗan kokawa ne, Trevor, mutumin kirki, ba ya iya kashe ko ƙuda. Jiya ya jingina da murhun kananzir yana shan shayi, bayan rigar ya babbake tas, gida ya cika da ƙauri. Cedric mai kwalliya har da hawaye, don gashin na wata saniya ce ta ƙasar waje, da tsada, mai kamfani kuma ya ce ko sisi ba zai ƙara ba. Yanzu dodonmu ta gaba kawai ake ɗaukarsa. In kina da buhun gashi a ajiye ki turo mana, ha!

Af, naɗin gashin da kika yi mini yana nan daram, rinin bular ma bai koɗe ba. Ki gaishe da Mama da kyau.

Yayarki,
Enid


Keighley, tsakiyar Oktoba

Yaya Enid,

Gaisuwa da fatan alheri. Mun samu wasiƙarki, na karanta wa Mama har sau biyu, labarin Trevor kuwa ta sa na maimaita mata sai da ta ƙware da shayi. Jikinta da sauƙi, tana cin abinci, tana faɗa da mai kawo madara, kin ga ke nan lafiya ta samu. Idon ne dai. Na kai ta wurin likita ranar Talata, ya ce raguwa zai yi ta yi, ba ya jin abin da ya saura zai kai hunturun baɗi. Ban gaya mata ba, amma kin san Mama, a bas ta ce mini, "Shirun nan naki ya gaya mini komai." Don haka ki ƙara matsa wa mai agogon nan. Abu kaɗan kike nema, ba gidan ubansa kika ce ya ba ki ba.

Maganar gashi kuma, ai kin zo gidansa. Me ya hana ki faɗa tun wuri? Kullum sai na share abin da zai cika kwando in zubar. Na gaya wa matan da ke zuwa shago cewa ana neman gashi a fim ɗin yayata, wallahi kamar na ce ana rabon gado. Misis Oddy ta ce in rage mata sosai, ba ta taɓa zuwa London ba, gara ko gashinta ya je. Misis Clegg da ta yi gyara makon jiya ta sake dawowa don kada a bar ta a baya. Har matar fasto ta zo, ta ce in yanka amma kada in faɗa wa kowa, ga shi ban faɗa wa kowa ba sai ke.

Na cika rigar matashin kai biyu, na ɗinke bakinsu, na ba direban motar kaya da ke zuwa kudu. Yawanci furfura ce, kin san masu zuwa wurina, 'yan mata duk sun koma sabon shagon nan na bakin kasuwa mai kiɗa kamar gidan rawa. Amma gashi gashi ne, da babu gara ba daɗi.

Ki ce wa Cedric ɗin ya share hawayensa. Ki kuma riƙa sa rigar sanyin da na saƙa miki, na san halinki, kina can kina gayu gwiwa tana kuka.

Taki,
Muriel


Surrey, ƙarshen Oktoba

Muriel,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Mama. Lafiyata ƙalau, sai mura da ta zagaye gidan nan kaf.

Ke dai Allah ya shirye ki! Wasa fa nake yi. Ba ki ga "ha" ɗin da na sa a ƙarshe ba? Ina zaune ina ɓare dankali, don a nan mai tire a fim ita ce mai tire a kicin, sai ga direba da kaya biyu kamar an yi wa tumaki aski. Na so in ɓoye, Cedric ya riga ya gani. Ya zura hannu, ya ɗago, ya ce, "Enid, ƙanwarki waliyyiya ce." Ya wanke shi, ya miƙar da shi da dutsen guga, ya rina shi da dafaffen ganyen shayi da man goge takalmi, ya bi bayan rigar da kafaɗu da kai yana mannawa da gam. Da ya gama, ni kaina sai da gabana ya faɗi.

Duk makon nan a waje muka yi aiki, ana ɗaukar inda dodo ke farauta. Da rana tsaka ake ɗaukar dare, Muriel, don fitilu kuɗi ne. Wani gilashi mai duhun shuɗi suke sa wa bakin kyamara, shi ke nan wai wata ya fito. Ruwa kuwa bai ɗauke ba ko na yini guda. Tun ranar farko na ga gashin ya fara lanƙwashewa, ruwan shayi yana bin ƙafar Trevor. Na taɓa Cedric, ya ce, "Yi shiru, a duhu ba za a gani ba." A gidan nan komai ya lalace haka ake cewa.

To yau aka kawo hotunan makon daga wurin wanki, don mai kamfani ba ya biyan mota kullum, sai an tara. Muka taru a falo aka haska a jikin zanen gado. Muriel, kin kashe ni! Kin san naɗinki ba ya jin guga, da ya sha ruwa ya koma gidansa na jiya. Rini ya wanke, furfura ta fito, bular nan taki kuma ta haɗu da shuɗin gilashi tana ta walƙiya. Abin da ya fito daga cikin kurmi ba kyarkeci ba ne, wata ƙatuwar tunkiya ce da ta fito daga shagonki za ta coci. Trevor ya yi dariya har ya faɗo daga kujera. Shi kaɗai ya yi.

Ba kuɗin sake ɗauka, ba lokaci. Mista Pargeter ya tambayi inda gashin ya fito, Cedric ya nuna ni da baki. Mutumin ya tsaya yana kallona, kallo mai tsawo, sannan ya ce in same shi da safe. Na haɗa akwatina. Kada ki gaya wa Mama tukuna.

Enid


Keighley, farkon Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Mama lafiya, ni ce ba lafiya ba tun da wasiƙarki ta zo.

Na karanta inda kika ce na kashe ki ya fi a ƙirga. Ni da na yi don in taimaka? To ina laifina? Wa ya ce su kai gashin mutane cikin ruwa? Duk matar da ta tashi daga kujerata sai na ce mata ta ɗaura ɗankwalin leda in hadari ya haɗu, wannan ko yaron goye a garin nan ya sani. Shi Cedric ɗin da ke kiran kansa mai kwalliya, bai san naɗaɗɗen gashi ba in ya gani? Kuma in ce miki wani abu, naɗin da ya sha guga ya sha ruwan mako guda bai saki ba, ai ba abin kunya ba ne a wurina.

Amma duk wannan surutu ne. Gaskiyar magana, garin neman gira na jawo miki rasa ido. Abu ɗaya kika roƙa a wurin mutumin nan saboda Mama, ni kuma na zo na rushe. Ki yafe mini, Yaya. In sun kore ki, ki hau jirgin ƙasa ki taho gida, ɗakinki yana nan, ba wanda zai ce miki komai. Wadda ta ce kuwa, ta zo gyara ta gani.

Ki rubuto, ko layi biyu ne.

Muriel


Keighley, ƙarshen Nuwamba

Yaya Enid,

Gaisuwa. Wannan ta biyu ke nan ba amsa. Na je akwatin waya na bakin titi na buga gidan da kuke, wani mutum ya ce 'yan fim sun tashi, bai san inda suka nufa ba. Na buga masaukinki na London, matar gidan ta ce ba ta gan ki ba.

In fushi kike yi, ki yi da ni, amma Mama fa? Kullum ta ji ƙarar ramin wasiƙa na ƙofa sai ta ce, "Enid ce?" Na gaji da yi mata ƙarya cewa aiki ne ya yi miki yawa. Jiya ta zuba shayi a kwanon sukari, ta yi dariya, ni na shiga kicin na yi kuka. Matan shago kuma sun dame ni da tambayar yaushe gashinsu zai fito. Ban san abin da zan ce wa kowa ba.

Ƙanwarki, ko kina so ko ba kya so,
Muriel


London, farkon Disamba

Muriel tawa,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da Mama. Lafiyata lau, har gwiwar ta yi mini biyayya. Yau na dawo masauki na tarar da wasiƙunki biyu, waɗanda suka bi ni suka rasa. Haba auta! Fushin me? Yaushe kika fara ɗaukar maganata da nauyi haka? Mun koma wani ɗan ɗakin ɗaukar fim ne a bakin kogi, muna aiki ba ji ba gani, ko numfashi ban samu na yi ba balle rubutu. Ki yafe mini shirun.

Yanzu zauna, ki ajiye almakashi. Washegarin ranar da na rubuto miki, da safe na shiga wurin Mista Pargeter da kwat ɗina a jiki, na shirya jin sallama. Ya ce in cire hula. Na cire. Ya zagaya ni, ya kira mai rubuta labarin, ya ce, "Dubi kanta. Yanzu tuna dodon." Ashe kallon da ya yi mini a falo ba ni yake kallo ba, naɗinki yake kallo. Duk gidan ba mai furfura mai lanƙwasa da ruwan bula sai ni. Desmond Hartle gashinsa baƙi ne wuluk, ko makaho ba zai yarda shi ne ya zama tunkiyar nan ba. Tunda ba halin canza dodo, sai aka canza mai rikiɗa.

Muriel, ni ce kyarkecin.

Faɗuwa ta zo daidai da zama, don a duk fim ɗin ina nan a baya da tire, ba wanda zai zarge ni, ba a kuma sake ɗaukar komai ba. Mai rubutu ya zauna ya rubuta sabon ƙarshe. Sufeto zai tara kowa a ɗakin cin abinci, ya ɗaga silin gashin da aka samu a hannun gawa, ya bi kawunan mutane da kallo, har ya iso kaina. Desmond ya yi fushi ya ce a biya shi haƙoransa, aka kankare su aka sa mini.

Sai aka ba ni magana, doguwa, ni kaɗai. Mai kula da gidan tana gaya musu shekara nawa ta yi tana shigo musu da abinci ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya dube ta. Ban sha wahalar haddacewa ba. Kyamara kuwa aka turo ta har sai da na ji ɗumin fitila a kumatuna. Na yi kuka na gaske, Mista Pargeter ya ɗauka gwaninta ce, na bar shi a haka.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Akwai mai yanka fim, wanda in abu ya yi tsawo yake datsewa, kuma irinmu ake fara datsewa. Sannan ba zai fito ba sai bazara, kafin ya zagayo arewa kuma Allah kaɗai ya sani. Ki yi ta addu'a idon Mama ya jira.

Na rantse ba zan faɗa wa kowa ƙarshen ba, to kin ji. Ke ma ki rufe bakinki. Na san na ɗora miki dutse, mai gyaran gashi da sirri, amma an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ina nan tafe Kirsimeti.

Yayarki mai haƙora,
Enid


Keighley, Yuli 1974

Yaya Enid,

Gaisuwa daga ni da Mama. Muna lafiya. Da fatan wasan da kuke yi a bakin teku yana samun jama'a, iskar can kuma ba ta tayar miki da gwiwa ba. Na so a ce kina nan, amma bari in ba ki labari tun daga farko, kada ki tsallake zuwa ƙasa, na san halinki.

Da farko ki yaba mini. Tun Disamba nake riƙe da maganar nan, har ƙurji ya fito mini a leɓe. Misis Oddy ta yi mini dabara iri-iri, ta ce ita ta san likitan cikin fim ɗin ne dodon, na ce mata sunkuyar da kai in wanke.

Fim ya iso ranar Litinin, shi ne na biyu, bayan wani na kaboyi. Na rufe shago da rana, muka tafi mu goma sha wani abu, kowa da sabon naɗi. Mai yankan tikiti ya ce bai taɓa ganin tsofaffin mata sun yi layin fim ɗin dodo ba. Na kai Mama layin gaba, tsakiya, inda yara ke zama, wuyanmu a sama. Tun bikin Ista fa ko matar tallan sabulu ta daina ambata, ni kuma na kasa tambayarta.

Aka fara. Duk shigowarki sai in ce, "Ga Yaya can da tire." Sai ta ce, "Ina? Ni inuwa kawai nake gani." Na ce a raina mun makara.

Da dodo ya fito kuwa, silima ta kaure. Samari na baya suna ihun tsoro na ƙarya, namu kuwa rabon gado suka shiga. Misis Clegg ta miƙe tsaye ta ce, "Kafaɗar hagun nan tawa ce!" Misis Oddy ta ce, "Ƙarya kike, naki bai kai wannan kauri ba!" Matar fasto ta ce ƙasa-ƙasa, "Ƙeyar ce tawa." Sai da mai tocila ya zo ya ce za a fitar da mu.

Har aka zo ɗakin cin abinci. Sufeto ya ɗaga gashi, ya bi kawuna, ya tsaya a kanki. Na ji matan bayana sun ja numfashi gaba ɗaya. Ba su datse maganarki ba, Yaya. Ko kaɗan ba su taɓa ba. Fuskarki ta taho, ta taho, har ta cika bangon nan tun daga sama har ƙasa.

Mama ta damƙe mini hannu, har yanzu da shaidar farcenta. Ta ce, "Muriel. Ga ta nan. Ina ganinta." Ta ce, "Ji idanunta. Yaushe ta yi wannan layin a goshi?" Kina ta magana a sama, ita tana ta kallo, baki a buɗe, ba na jin ta ji kalma ɗaya daga abin da kika faɗa. Da hawayenki ya gangaro ta ce, "Wa ya taɓa mini ita?" Sai aka fara rikiɗar, gashi ya fara rufe miki kumatu. Mama ta buga sandarta a ƙasa ta daka tsawa, silima kaf ta ji: "Kai! Ku bar mata fuskarta, ban gama gani ba!"

Aka kunna fitila, kowa ya tashi, ita ta ƙi. Ta ce sai an sake. Muka zauna muka sake shan kaboyin nan tun daga farko. Jiya ma mun koma, yau ma da shirinta tun safe, da jaka a cinya. Manajan ya ce mu riƙa shigowa daidai wurinki kawai, ya daina karɓar kuɗinta. Ranar Asabar za su cire fim ɗin, kuma har ranar ba mai samun gyaran gashi da rana a garin nan.

A hanyar gida na tambaye ta ko akwai saƙon da zan rubuta miki. Na zaci za ta ce kin iya wasa, ko ta yi alfahari da ke. Sai da muka wuce masaƙa sannan ta ce, "Ki ce mata na gan ta da kyau. Ta rame. Ta riƙa cin abinci."

To kin ji, Yaya. Ki riƙa cin abinci.

Taki har kullum,
Muriel